Yadda Injiniya Ya Yi wa Idonsa Fentin Mota

Ƙanin mijina bai taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai iya ba. Fentin mota yake yi a wani gareji da ke bayan layinmu, amma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, mu kuma muka bar masa, tunda ba mu muke ciyar da sunan ba. Tun da yayansa ya rasu ya naɗa kansa mai kula da mu. Kular kuwa ita ce ya zo da safe ya zauna a kujerar marigayi, ya sha shayina, ya koya mini yadda ake zaman duniya.

Abin ya faro ne daga Auta, 'yata ta ƙarshe. Shekara biyu yarinyar nan tana koyon kwalliya a fuskokin ƙawaye da matan maƙwabta. Akwai wani babban shagon kwalliya a bakin titi, gilashi tun daga ƙasa har sama, mai shi ana ce mata Madam. Ta ce tana neman ma'aikaciya ɗaya. 'Yan mata tara suka nema, aka tace, saura biyu, Auta da wata. Madam ta ce su zo ranar Asabar ƙarfe huɗu, kowacce da kayan aikinta, da fuskar da za ta yi wa aiki, da hodar saman ido ja mai ƙyalli. Ta ce ja mai ɗumi take so, irin na garwashi, ba ja mai ihu ba, don shi ne launin da ke tona asirin hannu. Wadda ba ta iya ba sai ta mai da mace kamar an kwaɗa mata mari.

Fuska mun samu, matar Injiniya, Uwar Biyu, ta ce ta ba da aron tata. Kayan aiki Auta tana da su a ɗan akwatinta, burusai da hoda mai gida goma sha biyu. Jan ne kawai babu.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa. Na zaga na zaga, na same shi guda ɗaya tak a wurin wani mai kayan kwalliya. Ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko har da madubin shagon zai haɗa mini. Na taya, ya ce albarka. Na ɗan matsa, ya ce albarka. Sai na yi abin da na saba, na juya na kama hanya a hankali ina jiran in ji "Mama, dawo." Har na kai ƙarshen layi bai kira ba. Na tsaya ina latsa tumatirin da ba na bukata. Da na zagayo, wata ta saya tana zura shi a jaka. Ni har gobe rashin iya kasuwa na ɗauki abin, nasa ba nawa ba. Shekara talatin ina juya baya ana kirana.

Da safiyar Asabar Auta na zaune a bakin ƙofar ɗaki ido ya kumbura, sai ga Injiniya ya shigo neman shayi.

"Kukan me ake yi a gidan yayana ina raye?"

Na ce, "Kukan da ya fi ƙarfin mai fenti."

Auta ta gaya masa. Ya ajiye kofi, ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ja? Ja mai ƙyalli? A kan wannan ake zubar da hawaye? Matar Yaya, kin san ja iri nawa ne a duniya?"

"Iri biyu na sani. Na tumatir, da na idon mai shan shayin mutane bai taɓa kawo sukari ba."

"Iri arba'in da bakwai ne, kuma duk a kaina suke. Ina da garin ƙyalli a gareji, wanda ake sa wa motocin manya su riƙa walƙiya a rana. Su masu kamfanin kwalliyar nan a ina kike zaton suka samo dabarar? A wurinmu suka sata."

Auta ta ce, "Baffa, ai na fuska daban ne."

"'Yata, da fuska da jikin mota duk shafe ne. Wanda ya iya babba ba a koya masa ƙarami."

Daga nan ya miƙe tsaye, don zancen ya fi ƙarfin zama. Ya ce yau zai haɗa wa Auta, gobe ya buɗe kamfani. Za a riƙa zubawa a ƙananan gwangwanaye da hotonsa a kan murfi. Zai bar gareji wa masu ƙaramin tunani. Ni kuma zai ɗauke ni mai tsaron shago, tunda na ƙware wajen rabuwa da kaya ba tare da an yi ciniki ba.

Na ce masa, "Ka shanye ka tashi, zan wanke kofin. Kuma kada ka kuskura ka taɓa wa yarinyar nan komai."

Na fita shanya, Auta ta shiga wanka. Sai wajen ƙarfe ɗaya, da ta zo haɗa kaya, muka ga wurin akwatin wayam.

Muka biya muka ɗauko Uwar Biyu muka nufi gareji. Tun daga bakin layi warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya tare mu. Garejin nasa rumfar kwano ce, ƙofofin motoci jingine da bango, tsofaffin jaridu a ƙasa, gwangwanayen fenti ko'ina, injin iska a kusurwa yana tari. Maƙwabtansa biyu, Mai Taya da Mai Walda, sun bar aikinsu sun zo kallo. Shi kuwa yana tsugune a tsakiya da gwangwanin madara a gabansa, yana juyawa kamar mai haɗa maganin da zai tashi matacce.

Akwatin Auta na buɗe a gefe. Gidajen hodar nan goma sha biyu duk ya kankare su tas da sukundireba, ya zuba a gwangwanin.

"Tushe ke nan," in ji shi. "Sai na zuba ja, na zuba ƙyalli, na ɗiga maganin da ke sa fenti ya kama. Matsalar kwalliyar mata ita ce ba ta daɗewa. Na magance wannan."

Burusan Auta guda biyar da su ya yi juyin. Ya jera su a kan taya suna shan iska. Na ɗauki ɗaya na taɓa bakinsa, ya sandare kamar ƙusa. Auta ta ɗauki akwatin da babu komai a ciki ta rungume, ta koma jikin bango ta tsaya. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Injiniya, da yayanka yana raye da yau an yi rasuwa a danginku."

"Ki bari ki ga aiki tukuna. Uwar Biyu, zo zauna nan a gwada."

Matarsa ta ja da baya. "Auta na ba aron fuskata, ban ba gareji ba."

"To Matar Yaya, ke zo. Ke da ba wanda zai yi miki faɗa."

"Fuskar nan lafiya yayanka ya bar ta, lafiya zan kai masa ita."

Ya dubi Mai Taya. Mai Taya ya ce shi yana da iyali. Ya dubi Mai Walda. Mai Walda ya ce idonsa ne jarinsa.

"Tsoro!" in ji Injiniya. "Abin da ya hana mutane ci gaba ke nan. To ku zuba ido. Mai kaya shi ke fara ɗanɗana kayansa."

Na zaci da ɗan yatsa zai shafa. Ashe ban san mutumin ba. Ya ce shafawa da hannu aikin masu fentin bango ne, ƙwararre fesawa yake yi. Ya juye haɗin a bindigar feshi. Sannan ya yi wa fuskarsa yadda yake yi wa gilashin mota: ya rufe ta ruf da jarida, goshi da hanci da kumatu da gashin baki, ya bi da tef ya manne ko'ina, ya bar 'yan tagogi biyu daidai fatar ido. Ya zauna a kan jarka, ya miƙa wa Mai Taya bindigar.

Muryarsa ta fito daga bayan jarida. "Fis ɗaya, daga nesa. A hankali, kamar kana hura wa jariri ido."

Mai Taya kuwa tun tasowarsa tayoyin manyan motoci yake bai wa iska. Hannunsa bai san fis ba. Ya matsa, abu ya ce fuuu, har jaridar ta lotsa.

"Yaya? Sun daidaita?"

Mai Walda ya karkata kai ya duba. "Na hagu ya fi ja."

"A ƙara wa na dama."

Aka ƙara.

"Yanzu na dama ya fi."

"A ƙara wa na hagu."

Uwar Biyu ta ce, "Mai gida, ya isa haka."

"Ke me kika sani? Ko mota shafi uku ake mata."

Aka yi uku. Ya ce a ja shi waje ya bushe, minti goma sha biyar, kada kowa ya yi masa magana. Suka kama shi suka zaunar a bakin hanya, fuska sama, kai naɗe da jarida kamar ƙunshin kifi. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mata ta tambaya ko hatsari aka yi. Wani dattijo ya sunkuya yana karanta goshinsa, can ya ce, "Bawan Allah, ɗan juyo kuncin nan in ga yadda labarin ya ƙare."

Da lokaci ya cika ya ɗaga hannu a yi shiru.

"Sirrin cire tef," in ji shi, "shi ne a fizge lokaci guda. Mai jan hankali shi ke ɓata aiki."

Ya kama bakin tef ya fizge.

Ƙarar da ya yi, sai da karen garejin ya shige ƙarƙashin mota. Jarida ta faɗi ƙasa. A jikin tef ɗin ga girarsa ta hagu, cif, ba gashi ɗaya da ya yi saura, kwance kamar baƙar tsutsa. Idon dama ya buɗe da ƙyar. Na hagu kuwa ya ƙi, gashin sama da na ƙasa sun rungume juna sun ce mutuwa ce za ta raba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, jan ya yi kyau. Ɗumi kamar garwashin da aka hura, ƙyalli kuwa in ya juya kai sai ka kare ido. Da a ƙofar mota na gan shi da na taya. Amma a saman gashin baki irin nasa, ga gira ɗaya, ga ido ɗaya a rufe, sai ya zama kamar zakaran da ya sha kashi yana kashe wa kaji ido.

Uwar Biyu ta zauna a ƙasa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce ta hana ta numfashi.

Ya lallaɓa wurin madubin wata mota ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya juyo ya ce, "Kun ga launi? Ku faɗi tsakaninku da Allah, kun ga launi?"

Mai Walda ya ce, "Mun gani. Buɗe ɗayan kai ma ka gani."

"Ba maƙalewa ya yi ba, kamawa ya yi. Inganci ke nan."

Ya sa ruwa, ruwa ya gangare kamar a bayan agwagwa. Ya sa sabulu, jan ya ƙara sheƙi. Ya sa yawu. Sai na ga ya miƙa hannu wajen galan ɗin tina. Na kai wa hannun duka.

"Makantar da kanka za ka yi, a ce ni zan riƙa yi maka jagora zuwa shan shayina?"

Matarsa ta ce a tafi asibiti. Ya ce Allah ya kiyaye, a rubuta me a kati? Ana cikin haka Auta ta yi magana, karon farko tun shigowarmu, ba ta ko dube shi ba.

"A shagon Madam akwai man da ke narkar da gam ɗin gashin ido. Shi kaɗai ne ba zai cuce shi ba."

Na dubi agogon Mai Taya, uku da rabi. Ga yarinya ba hoda, ba burushi, ba ja, ga kuma Baffa da za a kai gyara wurin da take neman aiki. Shi kuwa sai fuskarsa ta washe, iya inda za ta iya washewa.

"Yawwa! Dama can za ni. Talla ta kai kanta kasuwa. Madam ta ga kaya a jikin mai kaya, ta sa hannu a kan katan ɗari."

Duk da haka bai yarda ya ratsa layi da idon a waje ba, wai kada 'yan kishi su saci launin. Ya ari tabarau ɗin Mai Walda, baƙi ƙirin, wanda ba a ganin komai da shi sai wutar walda. Ido ɗaya a manne, ɗaya a duhu. Ya ce kada wanda ya riƙe shi, ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Taku na biyar ya shiga kwata. Muka ciro shi. Ya gai da sandar lantarki, ya ba ta haƙuri. A kwanar titi ya rungumi teburin mai lemo, lemo ya watse har tsakiyar kwalta.

Mai lemo ta ce, "Injiniya, walda ka koma?"

"Bincike nake yi."

"To binciko mini lemona."

Kafin mu isa, mutum ya kai ashirin a bayanmu, har da dattijon nan mai karatun goshi.

Shagon Madam sanyi kamar cikin randa, madubai a jere, fitilu zagaye da kowane madubi, mata cike a kan benci suna jiran layi. Ɗaya yarinyar ta riga ta iso da akwatinta mai hawa uku, har ta fara yi wa ƙawarta aiki. Madam doguwa ce, mai magana ƙasa-ƙasa, irin waɗanda ba sa maimaita zance. Ta dubi Auta, ta dubi agogo, ta dubi mutumin da ke ɗiga ruwan kwata a kan tayil ɗinta.

"Wannan fa?"

Kafin wani ya buɗe baki ya tura ƙirji gaba. Bango ya fuskanta, sai da matarsa ta juyo shi.

"Madam, sa'arki ta zo har gida. Na kawo miki hodar ido da ba a taɓa yin irinta ba. Ba ta jin ruwa, ba ta jin gumi, ba ta jin sabulu. Mace ta shafa sau ɗaya ta huta. Garanti shekara biyar."

Ya cire tabarau da salo.

Shagon ya yi tsit. Na'urar busar da gashi kaɗai ke kuka. Sai wata mai jego a kan benci ta ce, "Innalillahi," daga nan kuma aka fashe. Wata da ake wa jan baki ta yi dariya har aka ja mata shi zuwa kunne. Na waje sun manna fuska a gilashi. Wayoyi suka fito.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta matso ta duba.

"Buɗe idon in ga yadda yake in an buɗe."

"Wannan samfurin na rufe ne."

"Girar fa?"

Mai Taya ya leƙo daga ƙofa ya ɗaga tef. "Ga ta nan, na taho da ita ko za a mayar."

Madam ta juya wurin Auta. "Ina kayan aikinki?"

Auta ta buɗe akwati. Gidaje goma sha biyu a kankare, burusai biyar a sandare. Hawaye ya zubo mata.

"Ki yi haƙuri," in ji Madam. "Ni shago nake gudanarwa. Sai wani lokaci."

Nan ne na gyara mayafi na shiga tsakani. An ƙi kirana a kasuwa jiya, ba za a yi biyu ba.

"Madam, me kika ce ta zo da shi?"

"Mama, kin ji ai."

"Kin ce ta zo da fuska. Ga fuska. Kin ce ja mai ɗumi. Ga ja, taɓa ki ji, har zafi yake. Kin ce ƙyalli. Kashe fitilunki ki gani ko ba zai haska shagon ba. Wanne ne ba ta kawo ba?"

"Wannan ɓarna ce, Mama, ba kwalliya ba."

"To wa kike nema, mai yi wa kyakkyawa kwalliya ko mai gyara ɓarna? Waccan yarinyar ƙawarta ko da toka aka shafa mata za ta yi kyau. Ki ba 'yata wannan. In ta mai da shi mutum, kin san abin da kika samu."

Matan benci suka ce, "Gaskiya ne, a ba ta!" Ba don Allah suka faɗa ba, kallo ne ba su ƙoshi da shi ba.

Madam ta ce, "Minti talatin."

"Awa ɗaya. Shafi uku ne."

"Arba'in."

"Hamsin, kuma mai da auduga naki ne, tunda tallar da ya jawo miki a ƙofa kyauta ce."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Hamsin. Amma in gashin ido ɗaya ya fita, shi ke nan."

Aka zaunar da Injiniya a kujerar da ke jikin gilashi, don nan haske ya fi. Aka ɗaura masa ƙyalle mai ruwan hoda a wuya. Ya fara cewa, "A ƙa'idar aiki, kamata ya yi a fara da…"

Auta ta ce, "Baffa, rufe bakinka." A hankali ta faɗa, amma ya rufe. Tun da na shigo danginsu ban taɓa ganin haka ba.

Ta wanke hannu. Ta jiƙa auduga da mai ta ɗora a idon, ta jira. Ta ɗauki ɗan tsinke mai auduga a baki ta shiga raba gashin ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta lafa, mata suka taso suka zagaye kujera. Ita ma ɗaya yarinyar ta bar ƙawarta da ido ɗaya ta zo kallo. Fentin ya fara ɗagowa kamar ɓawon albasa, Auta na naɗe shi a hankali. Can sai idon ya buɗe, ja wur, yana hawaye, yana neman inda zai ɓuya. Madam ta sunkuya ta duba audugar. Babu gashi ko ɗaya.

Jan bai fita duka ba, ya riga ya rina fatar. Auta ta dangwali man da ɗan yatsa ta bi gefe-gefen tana murzawa har kaifin ya mutu, launin ya narke cikin fata, ƙyallin ya rage kaɗan a tsakiya. Mai jegon nan ta ce, "Wallahi irin wannan nake so ranar da zan fita."

Saura gira. A nan na ce mun mutu, don ba abin zanawa. Sai Auta ta sa hannu cikin ɗankwalinta ta zaro guntun jagira, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta feƙe shi da reza. Ba ta ja layi ba, gashi ta riƙa zanawa, ɗaya, ɗaya, ɗaya, tana duban ta dama tana komawa ta hagu. Shi kuwa gumi kawai yake.

Da ta gama ta ja da baya. Madam ta juya kujerar ta fuskanci wata mata da shigowarta ke nan, ba ta ga farkon abin ba.

"Don Allah dubi mutumin nan. Gira ɗaya tasa ce, ɗaya zana ta aka yi. Wacce ce ta zane?"

Matar ta sa tabarau, ta duba hagu, ta duba dama. Ta nuna ta dama, wadda ya zo duniya da ita.

"Wannan ce. Kuma wanda ya zana ta bai iya ba."

Sai da Madam ta dafa madubi. Da ta samu numfashi ta ce wa Auta, "Litinin, ƙarfe takwas. Kayan aiki na shago ne, kada ki kawo komai. Musamman dangi."

Auta ta rufe fuska da hannu biyu. Ni ban yi kuka ba, sanyin shagon ne ya shiga mini ido.

Injiniya ya miƙe, ya cire ƙyallen wuya, ya dubi jama'ar da ke bayan gilashi ya ce, "To kun gani. Wa ya samo mata aikin? Da ban yi wannan dabarar ba…"

Madam ta katse shi. "Malam, girar nan zane ce. Ka wanke fuska ta tafi. Taka kuwa sai ta yi wata biyu kafin ta tsiro, in ta ga dama. Ko ka yi yawo da ɗaya, ko ka riƙa zuwa kullum da safe a zana maka."

Ya matsa kusa da ita ya rage murya, amma kunnena ba ya tsufa.

"Shagon nan yana da ƙofar baya?"

"Akwai."

Yau sati uku ke nan Auta na aiki. Kullum ƙarfe takwas Baffanta ne mutum na farko a kujerarta. Ta ƙofar gaba yake shiga, ya zauna a benci tsakanin mata da gira ɗaya, ya jira a kira shi, masu wucewa suna ɗaga masa hannu ta gilashi. Ƙofar bayan kuwa tun ranar Litinin ɗin farko take a kulle. Madam ta so ta bar masa ita, sai da muka yi kusan awa ɗaya muna ciniki kafin ta ba ni makullin.